Babin da Latif Bai Rubuta Ba

Nyanshegu, Tamale
Farkon Maris

Alimatu ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da tukwanenki da ɗaliban da kike ciyarwa a Kumasi. Mu nan da sauƙi. Gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa, a kan kujera nake salla yanzu. Kunnen hagu ya mutu, na dama yana binsa, don haka waya ba ta yi mini amfani. Direban motar doya zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa.

Maganar ɗanki ce. Latif ya zama marubuci. Kada ki yi murna, labarin soyayya yake rubutawa a waya, da Turanci, duk Juma'a ya saki babi ɗaya a zauren wasaf na 'yan makarantarsu. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane adabi, aka sallame ni da agogon bango da bai taɓa tafiya ba, ga abin da adabin ya koma. Na karanta kaɗan. Yaro da yarinya suna dawowa daga darasin yamma, suna ta magana, ya raka ta bakin ƙofa, ya juya. Babi kusan ashirin, ko hannunta bai riƙe ba.

Kowa ya san yarinyar labarin Bashiratu ce, 'yar Alhaji Andani mai gonar shinkafa a Gumani, ko da yake bai sa sunanta ba. Abokansa da suke zaman shan ataya a bakin titi sun sa masa suna Liman. Babbansu wani Zakir ne, ya bar makaranta yana tuƙa yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Ranar Asabar Zakir ya jefa masa makullin ɗakinsa a gaban kowa, ya ce, "Liman, mun gaji da wa'azi. Kai ta ɗakina, sai ka rubuta mana babin gaske. Ko ɗan kwali za mu ɗaura maka?"

Latif ya ɗauki makullin ya jefa a kwata.

Suka danne shi. Biyu suka riƙe hannuwansa, Zakir ya cire bel ya dake shi ta wajen ƙarfen, suka buga kansa a jikin yalo-yalon, suka ƙwace wayar. Ya shigo gida leɓe a fashe, ya ce daga keke ya faɗi. Na ce wane keke ne yake barin shatin bel a baya? Sannan ya faɗa mini.

Ba wani abu ba ne, na shafa masa man kaɗe. Ɗanki bai yi komai ba, kuma a garin nan yanzu wannan shi ne laifi.

Yayanki,
Sumaila

Kumasi
Tsakiyar Maris

Yaya Tica,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau sai hayaƙin itace da ya cinye mini ido. Allah ya sawwaƙe maka gwiwa.

Yaya, an fasa wa ɗana baki ka ce ba wani abu ba ne? Man kaɗe! Kuma har da rubuta mini cewa rashin yin komai laifi ne. To me kake so ya yi, ya karɓi makullin? Wallahi da na karanta sai da na zauna a kan buhun gari, na yi kuka na yi dariya. Ni na haifi wanda ya jefa makulli a kwata. Ka gaya masa na ce Allah ya yi masa albarka, amma ya bar zaman ataya, jarrabawar ƙarshe ta kusa.

Wayar nan da ke hannun ɗan iskan yaron ita ta hana ni sukuni. Ka je wurin uwarsa ka karɓo. In kuma sunan yarinyar mutane ya fito a bakin gari, ka saurare ni da kyau. Mu Hausawa ne a ƙasar Dagomba, ko da a nan aka binne kakanmu. Ba a shiga gidan wanda aka ɓata wa kai tsaye. Ka sayi goro, ka sa Afa Usumanu limamin unguwa a gaba, shi zai yi magana, kai ka tsuguna ka yi shiru. Na san ka. Shirun ne zai yi maka wuya.

Ƙanwarka,
Alimatu

Nyanshegu
Ƙarshen Maris

Alimatu,

Sallama. Muna raye. Zafi ya hana ni cin abinci, ban da wannan ba komai a jikina.

Ba ki fahimce ni ba. Garin na zaga, ba yaron ba. Amma bar wannan, abin da kike tsoro ya faru kafin in je wurin uwar Zakir.

Juma'ar da ta wuce sabon babi ya fito daga wayar Latif. Zakir ne ya rubuta. Ya sa sunan Bashiratu, da sunan ubanta, da bishiyar mangwaron ƙofar gidansu, sannan ya sa ta a ɗakinsa tare da yaron labarin. Ba zan maimaita miki ba. Kafin la'asar ya zagaye makarantu, har masu sayar da tuwon kenke a tasha suna nuna wa juna.

Washegari da hantsi Sheriff, wan Bashiratu, ya zo da babura huɗu ko biyar. Ina zaune a tsakar gida suka ɓalle ƙofa da ƙafa. Suka fasa randar ruwa, suka kifar da teburin littattafaina, wani ya sa adda ya tsaga katifar Latif ko yana ƙarƙashi. Allah ya sa yaron ya ji ƙarar babura ya haura katanga ta baya. Sheriff ya kama wuyan rigata ya ɗaga ni daga kujera, ni da na koyar da malamin da ya koyar da shi, ya ce da irin Hausarsu ta kasuwa, "Tica, hannu da ya rubuta, mu zo ɗauka. Ka ajiye mana."

Latif yana Dungu, a gidan ƙawarki Madam Adelaide. Ta sa shi a ɗakin ɗanta, ta ce ko tsakar gida kada ya fito. Yana karatun jarrabawarsa a can.

Na ga maganarki ta goro. Goro na mai laifi ne. In na tsuguna na amsa cewa Latif ya yi, kuma bai yi ba. Afa Usumanu zai yi ta "a yi haƙuri, a yi haƙuri" har a rufe gaskiya da tabarma, irin yadda ake rufe komai a ƙasar nan. Na je shagon kwamfuta na sa an buga mini babi uku na Latif da ƙazantar Zakir a takarda. Ko kurma ya ji su a jere zai san ba baki ɗaya ba ne. Alhaji Andani dattijo ne, zan kai masa hujja da kaina.

Sumaila

Kumasi
Ranar da taka ta iso

Yaya,

Gaisuwa, ina lafiya, ba lokacin dogon zance.

Kada ka je. Don girman Allah, don darajar Inna da ke kabari, kada ka je. Goro ba amsa laifi ba ne, neman izinin buɗe baki ne. In Alhaji ya karɓa, ya ɗaure hannun 'ya'yansa da kansa, bayan haka a nemi gaskiya a hankali. Takardun nan kuma ka ƙona su. Ba aji za ka shiga ba, Yaya, zauren uba ne.

Na roƙi shugabar makaranta ta sake ni, ta ce sai an samu wadda za ta riƙe tukunya. Ka jira ni.

Alimatu

Nyanshegu
Afrilu

Alimatu,

Assalamu alaikum. Ina rubutu ido ɗaya a kumbure, ki yi haƙuri da layukan. Takardarki ta zo a makare, motar doya ta lalace a Kintampo. Ranar da direban ya miƙo mini ita komai ya riga ya wuce. Madam Adelaide ta ce ta kira ki, to kin san Latif yana asibiti. Amma ba ta san yadda aka yi ba, ni na sani.

Na je Gumani bayan azahar. Alhaji Andani yana zaure a kan buzu, ƙannensa biyu a gefe, Sheriff da sauran samari a bakin ƙofa. Na yi sallama a tsaye. Kin san gwiwata. Suka dubi hannuna, ba goro, suka dubi bayana, ba kowa. Ba wanda ya ce "naa", amsar gaisuwarsu. Duk da haka dattijon ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni.

Na fara da babin Latif. Da yake dattawan ba sa jin Turanci, ina karantawa ina juyawa zuwa Hausa. Wurin da yarinyar take cewa tana so ta zama unguwar zoma, yaron ya ce zai jira ta. Suka saurara. Na ga Alhaji ya gyaɗa kai, na ce a raina na kama aji. Sai na ce, "To yanzu ku ji ɗayan, ku gwada da kunnenku."

Na karanta na Zakir. Na juya shi kamar yadda na juya na farko, ban tsallake kalma ba, domin hujjar da aka yanke ba hujja ba ce. Kaina yana kan takarda, kunnena kuma kin san shi. An ce ƙanin Alhaji ya yi ta cewa "Ya isa, Tica, ya isa," ban ji ba. Abin da ya tsayar da ni ƙarar kwano ce da ya faɗi a bayan labule. Bashiratu ce, ta kawo wa ubanta koko, tana tsaye tana ji.

Na ɗaga kai. Alhaji Andani bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, carbinsa ya tsinke a hannunsa. Ya ce a hankali, "An ce mini yara sun yi rashin kunya a waya. Ban tambayi mene ne ba."

Sheriff ya ce, "Ƙarya kake, ɗanka ne ya rubuta duka biyun." Raina ya ɓaci. Na ce yaron da ke Dungu gidan Madam Adelaide yana karatu dare da rana, ku je ku dubi idonsa ku gani ko zai iya. Ban rufe baki ba ya naushe ni. Na faɗi kan takarduna. Ina ƙasa na ji babura sun tashi, da kunnen da ba ya jin komai na ji su.

Sauran Madam ce ta gani. Sun ture ta ta bugi bango, suka jawo Latif daga ƙarƙashin gado ta ƙafa. Yana cewa, "Wallahi ban taɓa ko mayafinta ba," suna dukansa da sarƙar babur. Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dutsen niƙan Madam, ɗaya ya taka masa gwiwar hannu, Sheriff ya ɗauki taɓarya. Ta ce ta daina ƙirga saukarta, ta fita titi tana ihu da Turanci da yarensu har maƙwabta suka fito.

Likita ya ce ba za a yanke ba. Ya ce babban yatsa da manuniya sai abin da Allah ya yi. 'Yan sanda sun kama Sheriff, amma sauran samarin gidan sun aiko cewa saura na hagu in ba a sake shi ba.

Hujjata daidai ce, Alimatu. Duk wanda ya ji ya san ba Latif ba ne. Wannan nake ta gaya wa kaina.

Sumaila

Kumasi
Ƙarshen Afrilu

Yaya Sumaila,

Sallama. Na iso lafiya. Jikina lafiya, sauran ba na magana.

Mako guda na yi a Tamale a gefen gadon ɗana ban ce maka uffan ba, ka yi ta zagaye ni kamar mai neman a dake shi. Na ji tsoron bakina ne a gaban yaro. Yanzu zan faɗa.

Ba wanda ya iya karanta abin nan a zauren. Dattijon ya bar shi a waya da gangan, a cikin yaren da ba ya ji, don ya samu hanyar yafewa. Shi ya sa bai tambaya ba. Sheriff ya fasa randa, ya yi ihu, da an kai goro da abin ya tsaya a randa. Kai ka ɗauko shi daga Turanci ka wanke shi tas ka zuba masa a kunne, a gaban ƙannensa, da sunan 'yarsa, tana tsaye. Zakir ya rubuta, amma a bakinka ubanta ya ji. Sannan ka ba su adireshi.

Ka ce hujjarka daidai ce. To ka kai ta ɗakin jarrabawa ta riƙe wa Latif biro.

Ka san abin da ya tambaye ni da ya farfaɗo? Ba hannunsa ba. Cewa ya yi, "Mma, sun dake ta?" Sannan ya ce kada in yi maka faɗa, wai kai kaɗai ne babba da ya taɓa karanta labarinsa.

Na bar ƙullin goro a cikin ganye a kan teburin littattafanka, na san ka gani. Afa Usumanu yana jiranka. Saura hannu ɗaya, Yaya. In gwiwarka ba ta lanƙwasuwa, ka karya ta.

Alimatu

Nyanshegu
Mayu

Alimatu ƙanwata,

Assalamu alaikum. An yi ruwan farko, zafi ya sauka. Idona ya warke. Latif ya dawo gida, hannun yana cikin filasta har gwiwa, yana cin tuwo da hagu yana ɓata riga. Jarrabawar bana ta wuce shi.

Goronki ya kwana biyu a kan tebur, ina yayyafa masa ruwa kada ya bushe, ina ce wa kaina ba zan je ba. Abin da ya tashe ni ba takardarki ba ce kaɗai. Bashiratu ce. Ranar kasuwa ta fita daga gida ba wanda ya sani, ta je inda su Zakir suke zama, rana tsaka, titi cike. Ta ɗauki butar ataya daga kan gawayi ta watsa masa a fuska da wuya. Yana birgima yana ihu ta ce, "Ga ni na zo ɗakin naka. Rubuta wannan." A ruɗe abokansa suka tona komai da bakinsu, wannan yana cewa shi bai riƙe waya ba, wancan yana cewa Zakir ne ya rubuta yana dariya. Abin da na kwashi takardu don in tabbatar, yarinya ta tabbatar da shi da buta. Zakir ya bar gari da fatar wuya a saluɓe.

Amma samarin Gumani ba su janye maganarsu ba. Yanzu ba babin ne a ransu ba, karatun da aka yi a zauren ubansu ne, da ɗan'uwansu da ke tsare.

Muka je da Afa. Ya shiga gaba da goron, ni a baya. A bakin zaure na cire takalmi. Na dafa bango na fara sauka. Alimatu, ban san akwai irin wannan zafin ba. Gwiwar dama ta yi ƙara kamar an karya kara, na tafi gaba ɗaya na dafa ƙasa da tafin hannu, hulata ta gangara gaban Alhaji. Wani saurayi ya yi dariya. Na zauna a haka. Afa ya yi magana da Dagbanci mai tsawo, ban ji ko rabi ba. Sau uku gyara ya zo mini baki, na haɗiye.

Goron yana ƙasa tsakaninmu, ba wanda ya taɓa. Na ga kaza ta shigo ta fita. Daga baya Alhaji Andani ya miƙa hannu ya kwance ganyen, ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya ci rabi, ya miƙa wa ƙaninsa rabi. Ya juya ga samarin ya ce duk wanda ya sake taka Nyanshegu da babur ba ɗansa ba ne. Sannan ya dube ni, karo na farko, ya ɗaga murya don in ji: "Tica, na farkon da ka karanta, na unguwar zoma. Yaron ne ya rubuta?" Na ce shi ne. Ya ce, "Da ka tsaya a nan."

Mutum biyu suka ɗaga ni. Maganar Sheriff tana hannun hukuma, Latif ya ce shi ba zai nemi komai ba, ni kuma na koyi rufe baki. Bashiratu an kai ta wurin gwaggonta a Yendi ta ƙarasa karatu. Ita da Latif ba su yi sallama ba.

Jiya da safe Latif ya zo ya ajiye mini takarda da biro, ya ce, "Kawu, saura babi ɗaya. Madam ta ce za ta ɗauki hoton takardar ta tura zauren wasaf." Na ce wa zai karanta, waɗanda suka kira ka Liman? Ya ce su ɗin. Ya zauna a kan tabarma yana faɗa ina rubutawa. Yarinyar za ta tafi makarantar unguwar zoma, yaron ya raka ta tasha, motar tana ta cika, kwandasta yana kira. Na ga inda ya nufa. Na ajiye biro na ce, "Kai Latif, bayan duk wannan, ko hannu ka bari su riƙe mana. Na ƙarshe ne fa."

Ya dubi filastar, ya dube ni. Ya ce, "Kawu, kai ma makullin za ka jefo mini?"

Na ɗauki biron. Ya ce, "Rubuta: ya miƙa mata jakarta ta taga, ya koma baya, ya tsaya har motar ta fita."

Na rubuta kamar yadda ya faɗa. Jan birona yana aljihu, ban fito da shi ba.

Ki turo masa riguna masu faɗin hannu, filastar ba ta shiga tsofaffin.

Yayanki,
Sumaila